Awa Ta Ɗari Tara da Sha Huɗu

Asuba a Midland, sanyi yana cizon yatsu.
Na zagaya jirgin, tocila a bakina,
na tsiyayi mai daga fiffike in ga ko ruwa ya shiga,
na shuri taya kamar mai taya tsohon doki.
Delfina Arreola, in ji takardar da ke aljihuna:
matuƙiya, amma da saura.

Aikina bin bututun mai.
Ƙafa ɗari biyar tsakanina da ƙasa,
ina neman inda ciyawa ta yi baƙi,
ko inda wani ya kafa motar haƙa bai tambayi kowa ba.
Shanun nan sun haddace ƙarar injina,
ko kai ba sa ɗagawa.

Doka ta ce sai awa dubu da ɗari biyar
kafin in zauna kujerar dama a babban jirgi,
kafin a damƙa mini mutum saba'in da jakunkunansu
da jaririn da ke tsala kuka a layi na sha biyu.
Ɗari tara da sha uku gare ni.
Bashin makaranta kuwa ba ya ƙirga awa,
ya haihu, har ya ga jika.

Anselm, wanda muka yi aji ɗaya,
ya koma ƙasarsu ƙetaren teku,
da ɗari biyu da 'yan kai aka ɗinka masa igiya a kafaɗa.
Ya aiko hoto. Na ce masa barka.
Daren nan tuwon baƙin ciki na ci, ba miya.

Na kai ƙara wurin tsoho Orval, malamina,
mai kunne ɗaya da inji ya cinye.
Bai ɗago daga ƙusar da yake ɗaurewa ba:
"Awa ba hatsi ba ce, yarinya, mudu bai san nauyinta ba.
Amma waɗanda suka yanka wannan adadi
daga maƙabarta suka dawo suka zauna rubutu.
Miƙo mini sifana."

Yau, yamma da kogin Pecos,
ina hamma, ina lissafin kuɗin haya,
sai injin ya yi tari.
Ya sake.
Sannan shiru, irin shirun da ban taɓa ji ba,
iska kaɗai tana shafar gilashi.

Ban yi tunani ba. Hannuna ne ya riga ni:
ya sunkuyar da hancin jirgi, ya juya makunnin tanki,
idona ya zaɓi wata hanyar ƙasa
tsakanin rijiyoyin mai biyu masu ruku'u ba gajiya.
Na ga waya. Na tsallake ta da tsawon mutum.
Taya ta taɓa tsakuwa, ta yi tsalle, ta haƙura.

Wani makiyayi ya iso a akori-kura,
ya miƙo gorar ruwa, ya ce, "Kin daɗe kina wannan aiki?"
Na buɗe baki, gwiwata ta amsa da rawa.

Da dare na buɗe littafin ƙidaya.
Gurbin kwanan wata, gurbin lambar jirgi,
gurbin awa: ɗaya.
Ba gurbin bushewar maƙogwaro,
ba gurbin wayar da ta kusa zama layin ƙarshe.
Daidai take da awar jiya da na kusa gyangyaɗi,
alƙalami bai bambanta su ba.

Ban san ko adadin gaskiya ne ba.
Na dai san hannun da ya cece ni yau
a cikin awannin hamma aka ƙera shi,
ban kuwa san a wacce ba.

Saura ɗari biyar da tamanin da shida.
Orval ya ce inji zai tashi ranar Alhamis.
Na saita agogo.